Ƙara Daban, Ƙarfi Daban

(Taken shiri)

 Yau gareji za mu leƙa. Duk mai babur ya matso kusa da rediyo. Wanda kuma ɗansa ko ƙanensa ne ke da babur ɗin, shi ma kada ya yi nisa, domin galibi aljihunsa ne ke biyan kuɗin abin da za mu tattauna.

Kwanakin baya ina zaune kan benci a rumfar wani tsohon bakanike, ina jiran a ɗaure mini sarƙa, sai ga wani saurayi da babur sabo fil, ko ledar kujera bai yage ba. Ya kafe shi, ya gaisa, ya ce, "Baba, so nake a buɗe mini shi."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "A buɗe me?"

"A huda salansa, a cire soson iska, a sa babban jet. Jiya abokina ya wuce ni kamar ina tsaye."

Tsohon ya goge hannu da tsumma, ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya ce, "Yaro, duk zan iya yi maka, ko awa ɗaya ba zan ɗauka ba. Amma ka fara ajiye kuɗin gundura a wurina, don kada nan da wata shida mu yi rigima."

Saurayin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ni kuwa na san ba wasa ba ne, domin ina da shekarunsa na taɓa yin wannan aika-aikar, kuma na tura babur da ƙafa daga bayan gari har gida, cikin rana, fistin ya huje. Saboda haka yau ba zan ce muku kada a taɓa inji ba. Ana ƙara wa inji ƙarfi, sana'a ce mai zaman kanta a duniya. Abin da nake so mu rabe shi ne wane taɓi ne ke kawo ƙarfi, wanne ne ƙara kawai yake kawowa, kuma da me ake biyan kowanne.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan da muke zama a kai. Yawancin baburan da ke kan titunanmu yau, su Boxer da Haojue da TVS da dangoginsu, injinsu mai bugu huɗu ne, tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya daidaita a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska haɗe da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, abin ya kama, ya turo fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Cikin bugu huɗun nan ɗaya ne kaɗai ke aiki, sauran ukun hidima suke masa. Idan ka murɗa totur har inji na juyi 8,000 a minti, to fistin na hawa da sauka sau 133 a kowace daƙiƙa. Kafin ka ce "Bismillah" ya yi zirga-zirga fiye da ɗari. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: inji ya fi cin iska nesa ba kusa ba a kan fetur. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas, yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan muka mai da shi ma'aunin da muka saba, lita ɗaya ta fetur na neman iska wajen lita 9,000, wato cikin jarka 360 masu lita 25. To ashe mai neman ƙarfi iska yake nema. Zuba fetur abu ne mai sauƙi, kowa zai iya. Cusa ƙarin iska cikin silinda, da fitar da hayaƙi da wuri, da sa wuta a daidai lokacinta, nan ne gwanintar take. Duk wani gyaran ƙarin ƙarfi da za ka ji a duniya, daga rumfar gefen titi har zuwa filin tsere, ba ya wuce waɗannan.

Amma kafin a kai ga ƙari, akwai tambayar da ta fi ta: ƙarfin da kamfani ya ba ka tun farko, yana nan? Babur mai cc 100 irin Boxer yana fitowa da ƙarfin doki wajen 8, mai cc 125 kuma wajen 11. Bayan shekara ɗaya ta lodi da ƙura da zafi, ba tare da kulawa ba, wani ɓangare na dawakan nan ya sulale. Mai babur ya ji nauyi, sai ya ce injin ne ƙarami. Alhali soso ne ya toshe, bawul ya kuskure, fulogi ya tsufa, sarƙa ta bushe tana kuka, taya ba iska, birkin baya kuma yana ɗan riƙe ƙafa ba a sani ba. Ka ɗaga babur a kan babban tsayawa, ka juya tayar baya da hannu. In ta tsaya nan take kamar an kama ta, to kana biyan fetur don jan birkinka ne.

Saitin bawul ya cancanci a tsaya a kansa. Tsakanin bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi akwai tazara ƙanƙanuwa, a injinan nan tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.08, kwatankwacin kaurin gashin kai. Ana auna ta ne da siraran ƙarafa masu lamba, inji yana sanyi. Idan tazarar ta yi yawa, ka ji kas-kas-kas daga kan inji, bawul ba ya buɗewa sosai, iska ta ragu. Idan ta yi kaɗan, inji ya yi shiru kamar na kirki, amma bawul ba ya rufewa ruf, matsi na zurarewa, babur ya ƙi tashi da safe, daga ƙarshe bakin bawul ya ƙone. Na ga kanikawa da yawa suna saita shi da yatsa da kunne, suna cewa sun saba. Wasu sun saba ɗin da gaske. Amma ma'aunin nan ba shi da tsada, kuma ba ya yin ƙarya. Af, kalmar nan garambawul da 'yan siyasa ke yi wa majalisar ministoci, daga gareji ta fito: asalinta goge bawul ne don ya zauna daram a mazauninsa.

(Ɗan kiɗa)

To mu dawo kan buƙatun saurayin nan uku, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da soso.

Gaskiya ne, idan ka cire soson iska, ko ka sa irin ɗan buɗaɗɗen nan mai kama da mazurari, iska za ta ɗan fi shiga, kuma za ka ji kafireta na wani gurnani mai daɗin ji. Sai dai ka tuna jarkoki 360 ɗin nan. A watan hunturu, ko a hanyar ƙauye bayan tirela ta wuce, me ke cikin iskar? Yashi ne mai laushi, irin wanda ake yin takardar goge katako da shi. Yana shiga ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar ƙullun wasa wuƙa, fistin kuma na goga shi a bangon silinda sau ɗari da wani abu a daƙiƙa. Ringi ya cinye, matsi ya tafi, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fara fita, babur ya koma shan baƙin mai kamar koko. Waɗancan buɗaɗɗun matatun an yi su ne don filin tseren da ake sharewa, a ƙasashen da ba su san buji ba. Mu a nan, abin da ya fi mana shi ne soso na asali: a wanke shi da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a mutsuttsuke, don man ne ke kama ƙura. Idan na takarda ne ba a wankewa, canzawa ake yi. Lokacin hunturu a riƙa duba shi duk mako.

Sai salansa. Nan ne aka fi yaudarar kai, domin kunne na yi wa zuciya ƙarya: abin da ya fi ƙara sai a ji kamar ya fi gudu. Hayaƙi ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, kuma kowane bugu na barin wani ja a bayansa wanda ke taimakawa wajen zuƙo ragowar hayaƙi da jawo sabuwar iska. Tsawon bututun da faɗinsa su ke yanke a wane juyi wannan taimako zai zo. Kamfani ya auna shi ya faɗo a inda kake yawan tuƙi, wato tashi da matsakaicin gudu. Ka huda shi ko ka zare cikinsa, sau da yawa ƙarfin tashi ne ke raguwa, ɗan abin da ka samu a can ƙarshen totur kuma bai taka kara ya karya ba. Sai maƙwabta su san lokacin dawowarka, jariri ya farka, limami ya yi maka nasiha.

Ga masu tsofaffin injina masu bugu biyu, irin Jincheng da Suzuki na da da ake haɗa wa fetur da man inji, lamarin ya fi haka tsanani, domin a wurinsu salansa rabin inji ce. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, shi ya ƙware a kan tumbin nan na salansa mai kumbura a tsakiya, har a 1961 ya fitar da ƙarfin doki 25 daga inji mai cc 125 na kamfanin MZ. Da lissafi ya kai ga haka, da aune-aune na shekaru. Ba da ƙusa da guduma ba.

Na uku, jet. Kafireta tana da hanyoyin fetur uku, kuma kowace da lokacinta. Ƙaramin jet ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan rubu'in totur. Daga nan allura ta karɓa har zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet kuwa sai ka murɗe totur kusan ƙarshe yake da ta cewa. Saboda haka wanda baburinsa ke shaƙewa a wajen tashi, ya je ya canza babban jet, ya yi jifa ne a inda ba tsuntsu. Inji ya fi ba da ƙarfi idan fetur ya ɗan rinjaya kaɗan, wajen iska kashi 13 ga fetur kashi ɗaya. Ya wuce haka, sai baƙin hayaƙi, da shan mai, da nauyin jiki. Ya gaza haka, sai zafi. Kuma gazawar ta fi haɗari, domin ita ce ke ƙona bawul ta huda fistin. Abin da ya same ni ke nan a wancan zamani: na buɗe iska, na buɗe salansa, na bar jet yadda yake.

Wannan ke nuna mana ƙa'idar aikin: iska da fetur da salansa abu ɗaya ne mai kai uku. In ka taɓa ɗaya, dole ka bi sauran. Kuma jet ana hawa da shi ne mataki-mataki, daga lamba 95 misali zuwa 98, a gwada, ba a zura masa waya a faɗaɗa ramin da ka ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, matsalar ta juya ta wata fuskar. Masu zuwa a shaƙe musu babur don ya rage shan mai sun yawaita. A sauke allura, a matse ƙaramin jet, wasu har siririn zaren waya suke cusawa a ramin. Na fahimci dalili, wallahi na fahimta, wanda ke ciyar da gida da babur ya san zafin kowace lita. Amma inji mai sanyaya kansa da iska, a garin da zafi ke haura digiri 40, ɗauke da mutum biyu da buhu, idan aka ƙuntata masa fetur fiye da kima, abin da aka tara a gidan mai za a kai wa mai gundura ne har da ciko.

To ta yaya mutum zai san inda baburinsa ya tsaya? Fulogi zai gaya maka, kyauta. Ka yi tafiya mai ɗan nisa yadda ka saba, ka kashe, ka bari ya huce, ka kwance fulogi ka dubi farin tangaran ɗin da ke bakinsa. In ka gan shi ruwan ƙasa, kamar launin ƙuli-ƙuli, alhamdu lillahi, kada ka bari kowa ya taɓa maka kafireta. In ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. In ya yi fari fat kamar alli, iska ta yi yawa, inji na dahuwa, ka nemi bakanike yau ba gobe ba. In kuwa baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ke hawowa, maganar ta koma kan ringi ko robar bawul. Tazarar bakin fulogi a irin injinan nan milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: iskar ko'ina ba ɗaya ba ce. Duk hawan mita 300 sama, inji na rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, saboda iska na yin sirara. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, don haka babur ɗin da aka saita a Legas, in ya hau Filato, ya bar fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a hanya, kuma fetur zai yi masa yawa. A tsaunin Mambila abin ya fi haka. Zafi ma haka yake: iskar rana mai digiri 40 ta fi ta safiyar hunturu mai digiri 15 rashin nauyi da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Shi ya sa babur ke jin daɗin tafiya da asuba, da azahar kuma ya yi lagwas. Ba aljanu ba ne, ba kuma bakanike ne ya cuce ka ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna magana kan ƙara wa injin babur ƙarfi. Yanzu mu shiga cikin inji sosai.

Akwai masu cewa gundura, wato faɗaɗa ramin silinda, na ƙara ƙarfi. Mu yi lissafi da Honda CG125, wanda injinan China da yawa da muke hawa kwafinsa ne. Faɗin silindarsa milimita 56.5, tafiyar fistin milimita 49.5, abin da ya ba da cc 124. Fistin ɗin gundura yana zuwa ne da ƙarin 0.25, ko 0.50, ko 0.75, ko milimita ɗaya cif. Ko ka tsallaka zuwa na ƙarshen, cc 128 da ɗoriya za ka samu. Cc huɗu ke nan. Ƙarfin da mutum ke ji bayan gundura matsin da ya ɓata ne ya dawo, ba sabo aka ƙirƙiro ba. Wanda kuwa ya yi wa lafiyayyen inji gundura don gudu, ya cinye damar gyaransa na gaba a banza.

Abin da ke ƙara girma da gaske shi ne canza silinda da fistin gaba ɗaya, a sa mai faɗin milimita 62, inji ya koma cc 149. Wannan ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne, kuma za ka ji shi, musamman a hawan tudu da ɗaukar kaya. In ka tambaye ni, cikin duk gyare-gyaren nan shi ne mai ma'ana ga mai aikin ƙarfi. Amma yana zuwa da 'yan rakiya. Kafireta na son sabon saiti, wani lokaci ma babba. Faifan kuloci da aka yi don doki 11 zai fara sulɓi. Zafi zai ƙaru, alhali fukafukan da ke sanyaya inji da litar baƙin mai ɗaya da ke cikinsa ba su ƙaru ba. Sannan ingancin kayan: fistin ɗin da aka sayo da araha, ba a san wane ƙarfe aka narka ba, shi za a sa ya yi hawa da sauka 133 a daƙiƙa. Bayan irin wannan aiki, kilomita 500 na farko a lallaɓa, ba murɗewa ƙarshe, ba lodi, sannan a zubar da baƙin mai a sa sabo.

Wasu kuma kan inji suke kaiwa a ɗan aske, don matsi ya ƙaru daga wajen 9 da ake fitowa da shi. Matsi na kawo ƙarfi, ba musu. Amma matsi mai yawa na son fetur mai juriya, mu kuwa yau gidan mai, gobe ɗan bumburutu da galan a rana. Idan fetur ya kasa jurewa, sai ya fashe da kansa ba bisa tsari ba, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka ja a babbar giya. Duk wanda ya ji wannan ƙarar ya sassauta hannu ya sauko giya, domin guduma ce ke sauka a kan fistin. Haka ƙananan akwatunan wutar nan da ake tallatawa da sunan na tsere: abin da suke yi shi ne gaggauta wuta ko barin inji ya wuce iyakar juyinsa. Injin CG kuwa da sanduna ake tura bawul ɗinsa, tsari ne na juriya ba na juyi mai yawa ba. Honda ta fito da shi a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashen Asiya sun ga yadda ake lodin babur, ana kuma sakaci da canjin baƙin mai. Jakin aiki suka ƙera da gangan. In ka tilasta masa sukuwa, bawul ya kasa komawa da wuri, ya yi karo da fistin, magana ta ƙare.

Sababbin baburan da ba su da kafireta, masu ƙaramar kwamfuta da ke auna fetur, su da na'ura ake saita su. Kada a kai wa mai sukudireba.

Akwai gyara guda mai araha wanda ba ya taɓa cikin inji, kuma shi na fi ba mutane shawara: haƙoran sarƙa. A ce na gaba haƙori 14 ne, na baya 42. In ka mai da na gaba 15, babur zai rage kuka a doguwar hanya da kimanin kashi 7 cikin ɗari, ya ɗan rage shan mai, amma tashinsa zai yi sanyi. In kuma na baya ka ƙara wa haƙora, zai ja kaya ya hau tudu da sauƙi, gudun ƙarshe ya ragu. Ƙarfi bai ƙaru ba ko kaɗan, wurin zamansa ka sauya. Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil a kan kwalta, da mai ɗauko buhunan masara daga gona cikin yashi, ba haƙori ɗaya ya dace da su ba. In za ka canza, ka canza sarƙa da haƙoran tare, ka bar mata sassaucin santimita biyu zuwa uku.

Baƙin mai kuma, a yi hattara da na mota. A babur, kuloci cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi sulɓi: inji na ihu, babur ba ya gaba. Ka duba jikin galan ka ga an rubuta JASO MA, ma'auni ne na Japan da aka yi musamman don irin wannan kuloci.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane saurayi ya ji da kunnensa. Abin da ke hana babur gudu a can sama iska ce da ke dukan ƙirjinka, kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Mai son ninka gudunsa sau biyu sai ya ninka ƙarfi sau takwas. Ma'ana, in ka kashe kuɗi ka sha wahala ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na ƙarfi, babur mai yin kilomita 90 a awa zai koma yin 93. Uku kacal. Kwantar da kai kan tanki ma yakan ba da abin da ya kai haka. Abokin da ya wuce saurayin nan kamar yana tsaye, wa ya sani, wataƙila shi siriri ne, tayarsa da iska, sarƙarsa da mai.

Birki kuwa nasa lissafin ya fi muni. Daga gudun 60 zuwa 80, nisan da kake buƙata kafin ka tsaya ya kusan ninkawa biyu. Baburan nan yawancinsu birkin takalmi gare su gaba da baya, da sirarar taya, an auna su ne daidai da doki 8 ko 11. Duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi bai fara da takalmin birki da taya mai kyau ba, ya gina soro a kan katangar zana. Akuya ba ta san ka sa sabuwar silinda ba, haka yaron da ya biyo ƙwallo.

Kada a ce na kushe sana'ar. Bari in ba ku labarin wanda ya yi ta da gaske. Burt Munro, mutumin New Zealand, ya sayi babur ƙirar Indian Scout a 1920, mai cc 600, wanda gudunsa bai wuce kilomita 90 a awa ba. Ya yi ta gyaransa a ɗan shagonsa, yana narka ƙarfe yana zuba fistin da hannunsa, inji na fashewa yana sakewa, har ya kai shi cc 950. A 1967, yana da shekara 68, ya kai shi filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ta Amurka, ya yi gudun kusan kilomita 296 a awa, ya kafa tarihi a ajinsa. Shekara 47 yana kan babur ɗaya. Amma ku lura, a fili ya yi, shimfiɗaɗɗe fetal, ba kasuwa ba makaranta, da hular kwano a kansa, kuma injin na 'yan mintoci ne, ba wanda zai kai yara makaranta gobe da safe ba. Namu kuwa shi ne gonar, shi ne shagon, wani ma bai gama biyan kuɗinsa ba.

Saurayin nan dai, tsohon bai huda masa salansa ba. Ya saita masa bawul da ma'auni, ya ƙara wa taya iska, ya sassauta birkin baya da aka ɗaure fiye da kima tun wurin haɗawa, ya ce ya je ya zagayo. Ya dawo yana washe baki, yana tambayar me aka sa masa. Tsohon ya ce, "Ba abin da na sa, abin da aka riƙe maka na sake."

Lokaci ya yi mana halinsa. Ɗan'uwa mai babur, gobe da safe kafin ka tayar, ka kwance fulogi ka dubi launinsa, ka buɗe akwatin soso, ka juya tayar baya da hannu, minti goma ya ishe ka. In za ka fita kuma, ka sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta. 

(Taken shiri)